Gemun Litinin da Gemun Asabar

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin darbejiya da ke bakin masallacin wata unguwa cikin Azare ya san Malam Ya'u Siniya, kuma da abu biyu ya san shi: baƙin gemu mai sheƙi, da Turancin da ba wanda ya roƙe shi. Akawu ne a wani ofishin gwamnati, shekara talatin da 'yan kai yana buga wasiƙa yana jera fayil. Tun ranar da aka ƙara masa girma aka rubuta "siniya" a gaban muƙaminsa ya hana kowa sakat da kalmar, har ta bi shi ta zama suna.

Darasin da ya fi so ya bayar shi ne yadda Bature ya raba tsufa gida-gida. Sai ya gyara zama a kan tabarma, ya ɗaga yatsa, ya ce siniya shi ne wanda ya riga ka shiga aiki ko ya fi ka muƙami, ko da kai ka haife shi. Elda kuwa babban mutum ne cikin jama'a, wanda idan ya iso ake tashi a ba shi wuri. Eldali shi ne wanda gwiwa ta fara yi masa ƙara idan zai miƙe. Na ƙarshe, ol-man, wannan zagi ne tsagwaronsa, irin wanda ake jefa wa direban da ya tare hanya.

"Ni siniya ne a ofis, kuma elda nake nema a unguwa," in ji shi. "Sauran biyun ba ruwana da su. Wanda ya kira ni ol-man sai mun haɗu a gaban alƙali."

Ya Gana, tsohuwar da ke suyar ƙosai a gefen majalisar, ta taɓa tambayarsa to dattijo fa, da babba, da gyatuma, su ba gidaje ba ne? Ya ce mata waɗannan ba a buga su da na'ura ba, don haka ba su shiga lissafi.

Akwai wani abu da Malam Ya'u bai taɓa koyarwa a majalisa ba, kuma matarsa Lauratu kaɗai ta sani. Can baya, da aka ce kowane ma'aikaci ya kawo takardar rantsuwar shekarunsa, ya zabtare shekara tara cur. Dokar aiki ta ce mai sittin ya tattara ya tafi gida. A fayil Malam Ya'u yana da hamsin da uku, a wurin Allah kuwa ya haura sittin da biyu. Baƙin gemun nan shi ke riƙe masa da kujerar ofis, kuma kowace Lahadi da yamma Lauratu ke zaunar da shi a tsakar gida ta shafe masa shi da rini daga wata 'yar kwalba. Yana son kujerar nan kamar ransa, domin in ba ita ba, ba wanda zai ƙara ce masa Siniya.

Ana nan, bayan damina ta 2007, ƙungiyar unguwa ta haƙa rijiyar burtsatse aka kafa mata famfon tuƙa-tuƙa. Al'adar unguwar tun zamanin tsohuwar rijiya ita ce namijin da ya fi kowa shekaru shi ke fara jan ruwa, a kira shi uban rijiya. Wanda ke riƙe da sunan ya rasu bara, saboda haka da aka zauna maganar bikin buɗewa sai idanu suka koma kan Alhaji Bappayo, dillalin shanu, mutumin Udubo da ya daɗe a unguwar, mai gemu fari tas. Alhaji Bappayo ya sunkuyar da kai ya ce a dai ƙara dubawa, ko Allah zai sa akwai wanda ya girme shi.

Malam Ya'u bai jira an duba ba. Ya miƙe ya ce a ƙa'idar duniya siniya ake ba irin wannan matsayi, shi kuma yana mataki na bakwai a aikin gwamnati. Liman ya ce masa rijiya ba ta san mataki ba, shekaru take tambaya. Malam Ya'u ya ce to ko a shekarun ma ya girmi Alhaji Bappayo. Aka dubi gemun wannan, aka dubi na wancan, sai dariya ta ɓarke. Ya Gana ta leƙo daga bayan kaskonta ta ce gemun nasa ko yaye bai isa ba.

A fusace ya koma gida, ya shaida wa Lauratu cewa saura sati uku biki, kuma kafin ranar sai unguwa ta ga furfurarsa. Ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Malam, idan unguwa ta ga furfura, ofis fa?"

"Ofis Litinin zuwa Juma'a ne, unguwa Asabar da Lahadi. Mai ilimi ya san yadda ake raba fayil."

Ta ce ita dai tana tsoron kada a wajen raba fayil ɗin ya raba kansa da aikinsa. Ya ce mata wannan magana ce ta wanda bai yi boko ba. Washegari ma, don ya nuna ya isa, shi ya karɓi aikin rubuta takardar gayyata. Ya buga ta da Turanci mai nauyi, ya aika wa shugaban ofishinsu guda, domin ya zo ya gani da idonsa yadda ake girmama akawunsa a gari.

Ranar Juma'a da yamma ya fara aiki. Ya kwaɓa omo da ruwan bilic a kwano, ya tsoma gemun, ya zauna yana jira. Haɓarsa ta ɗauki zafi kamar an watsa barkono, amma ya daure, ya ce haka girma yake. Da ya wanke ya dubi madubi sai ya ga rinin bai fita ba kuma bai zauna ba. Gemun ya koma ja-ja-ja, kamar gashin masara.

Haka ya fita majalisa ranar Asabar, yana tafe yana ɗaga haɓa. Alhaji Bappayo ya tambaye shi cikin ladabi ko ya leƙa tukunyar manja ne. Malam Ya'u ya ce furfurar masu karatu haka take farawa, sai ta bi ta ja sannan ta sauka a fari, Turawa ma sun rubuta. Liman ya ce Allah ya sauke ta lafiya. Ranar Lahadi Lauratu ta shafa rini sau biyu kafin jan ya ɓuya, tana shafawa yana cije baki don raɗaɗi.

Asabar ta biyu ya canza dabara. Ya shafa man gashi a gemun, ya barbaɗa garin fulawa a kai, ya taje. Gaskiya abin ya yi kyau. Mutanen majalisa suka yi ta satar kallonsa, wani ma ya matsa ya ba shi wuri a tsakiyar tabarma, shi kuwa ya zauna yana tarin dattako yana ba da labarin zamanin Turawa. Bai tuna da alwala ba sai da aka kira la'asar. Ya tsuguna da buta a jerin mutane, ya wanke fuska sau uku, ya tsefe gemu da yatsu kamar yadda ya saba. Da ya ɗago, furfurar ta zama ƙullu, tana ɗiga a gaban rigarsa.

Ya Gana ta ce ya matso ta tsoma masa a mai, ko fanke biyu za su fita. Ya ce wani magani ne likita ya ba shi, ruwa ne ba ya so. Ta ce to ya gaya wa likitan ya ƙara yis. A gida ya yi sallar ranar, kajin Lauratu na zagaye da tabarmarsa.

Da ya ga gemu kaɗai ba zai kai shi ba, sai ya sayi sanda a kasuwa ya fara koyon tafiyar tsofaffi. Ya kan duƙa kaɗan, ya ja ƙafa, ya ce wash idan zai zauna. Matsalar ita ce ba ya tuna ƙafar da ke ciwo, yau dama gobe hagu, har Liman ya ce wannan ciwo mai adalci ne. Ya yi ta maimaitawa Asabar da Lahadi har jikinsa ya saba. Ranar Litinin ya shiga ofis da baƙin gemu, a duƙe, da sanda, yana wash.

A bakin ƙofa ya ci karo da Malam Najmuddeen, matashin jami'in da ke kula da fayilolin ma'aikata, wanda a watan nan aka ba shi aikin tantance shekarun kowa. Mutum ne mai sanyin murya da yawan gaisuwa, ba ya rabuwa da biro a aljihun gaba. Ya dubi sandar ya tambaya ko lafiya. Malam Ya'u ya miƙe tsaye ƙyam, ya ce maciji aka gani a ɗakin ajiya, shi ya zo da maganinsa. Don kada a yi masa wani zato, ya sunkuya ya sungumi wani kwalin tsofaffin fayiloli da masinjoji biyu ke shirin ɗauka, ya ce su matsa su ga aikin matasa. Kwalin ya tashi, bayansa ya ce ƙas. Daga ranar ciwon ya zauna wuri guda, sandar kuma ta samu aikin gaske.

Saura kwana biyu biki ya samo dabarar da ya ce ba ta da makusa. Ya jiƙa ƙaro ya narke, ya dama shi da farar ƙasa, ya gwada a gefen gemu. Da ya bushe ya kama gam, ko tajewa ba ta kakkaɓe shi. Safiyar Asabar ya yi alwalarsa tun da wuri, ya shafe gemun duka har da saje, ya sa babbar riga shuɗiya. Lauratu na kallo ya buɗe gafakar mahaifinsa, wanda malami ne mai rubuta ranar haihuwar kowane ɗansa da ajami, ya zaro wata tsohuwar takarda ya sa a aljihu.

"Malam, wannan takardar ka bar ta inda ka same ta. Shekara nawa muna ɓoyonta?"

"Ba fito da ita zan yi ba. Soja ma yana rataya bindigar da ba zai harba ba."

Ta ce to Allah ya sa, ta ɗauki mayafinta ta bi bayansa, domin ta san shi.

Da hantsi fili ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika a reshen darbejiya. Mata sun yi layi da bokitai, 'yan garuwa sun jera kurarsu a gefe. Kujerar shugaban ofis tana nan ba kowa, abin da ya ɗan sosa ran Malam Ya'u, amma da ya ga yadda ake buɗa masa hanya sai ya manta. Gemun ya fi na Alhaji Bappayo fari nesa ba kusa ba. Illa dai ƙaron ya bushe ya ɗaure masa haɓa, bakinsa ba ya buɗuwa sosai, gaisuwa ma ta hanci yake amsawa. Mutane suka ɗauka nauyin shekaru ne.

Liman ya tambaya ko akwai mai ja. Alhaji Bappayo ya yi wuf ya ce shi ba ya ja, wannan furfura ta fi ƙarfinsa, Malam Ya'u yayansa ne duniya da lahira. Saurin da ya yi ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani, amma Malam Ya'u ya riga ya kama hanyar famfo, yana dogara sanda. Ya juya wa rumfa baya ke nan wani babur ya tsaya, mai shi ya sauka ya zauna a kujerar da ba kowa.

Aka yi bismillah, Malam Ya'u ya kama hannun famfo ya danna. Famfo ya yi tari, ba ruwa. Ya sake dannawa har sau biyar, bayansa na amsawa, iska kawai ke fita. Ya ce da jama'a ta hanci cewa ya san irin wannan inji, toshewa ya yi, bari ya duba. Ya durƙusa ya kai fuskarsa bakin bututun, ya rufe ido ɗaya yana leƙe. Alhaji Bappayo, don ya taimaki yayansa, ya kama hannun famfon da ƙarfin mai kayar da bijimi ya danna sau biyu.

Ruwan da aka yi wata uku ana jira ya fito gaba ɗaya. Hula ta yi gefe. Mata suka rangaɗa guɗa, sannan guɗar ta tsinke a tsakiya, domin uban rijiya ya miƙe furfurarsa na gangarowa a kan shuɗiyar riga kamar kunu, ga baƙin gemu nan sumul yana sheƙi a rana.

Fili ya kaure. Wani ya ce ashe yaro ne ya yi shigar manya. Wani ya ce a karɓe famfon a ba Alhaji. Ya Gana ta ce dama ta faɗa, a mayar da shi gida a ba shi koko. Kunya ta rufe Malam Ya'u, kuma shi mutum ne da kunya ba ta sa shi ya yi shiru, sai dai ta ƙara masa murya. Ƙaron ya jiƙe, bakinsa ya buɗu. Ya hango Lauratu cikin mata tana girgiza masa kai, ya kau da ido, ya fizge makirufo.

"Baƙin nan rini ne, jama'a. Shekara goma sha biyar ina shafawa, ga mai shafa min can ku tambaye ta. Wanda ke shakka, ga rubutun mahaifina. Liman, karanta musu."

Liman ya karɓi takardar ya sa tabarau, ya karanta a lasifika tiryan-tiryan: an haifi Ya'u ɗan Malam Yunusa a watan Rajab, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da sittin da huɗu bayan hijira. Ya lissafa da yatsu ya ce sittin da huɗu ke nan a lissafin wata. Malam Ya'u ya sake karɓar makirufo ya ce don kada 'yan boko su ruɗe, a lissafin Bature sittin da biyu ne cif, ya ba Alhaji Bappayo shekara biyu. Ya ƙara da cewa yau unguwa ta ga bambancin siniya da elda, kuma shi ya haɗa duka biyun. Aka yi tafi, har da masu cewa a yafe musu.

Yana cikin ɗaga hannu yana amsa gaisuwa mai gabatarwa ya ce shugaban ofis bai samu zuwa ba, amma ya turo wakili, kuma wakilin zai ce wani abu. Malam Ya'u ya juya. Malam Najmuddeen ne ke tasowa daga kujerar, yana mayar da biro aljihu.

Ya yi sallama, ya gaida Liman, ya gaida manya da ƙanana, ya yaba wa ƙungiya. Sannan ya juyo da murmushinsa ya ce, "Baba, a yafe mana. Mu a ofis mun ɗauka saura shekara bakwai mu yi bikin sallamarka, ashe mun makara da shekara biyu. In sha Allahu ranar Litinin za mu gyara kuskurenmu."

Malam Ya'u ya dubi takardar da ke hannun Liman. Ya matsa kusa da Liman ya ce a hankali ko dai tawadar ta dushe, wataƙila saba'in da huɗu aka rubuta, a sake dubawa. Liman, wanda ba a taɓa cewa ya yi kuskuren karatu ba, ya ɓata rai, ya ɗauki makirufo ya sake karanta shekarar da ƙarfi, sau biyu, ya miƙa wa Malam Najmuddeen takardar ya ce shi ma ya shaida.

Kafin taro ya watse Alhaji Bappayo ya zo ya kama hannun Malam Ya'u ya danƙa masa mabuɗin kwaɗon famfo. Ya bayyana masa cewa uban rijiya shi ke buɗewa bayan asuba ya rufe da magariba, shi ke raba faɗan layi tsakanin mata da 'yan garuwa, shi ke zuba giris, kuma ba ya tafiya ko'ina, ko cin kasuwar ƙauye.

"Sati uku ina roƙon Allah ya kawo wanda ya girme ni, Yaya. Na gode."

Ba a yi sati biyu ba takarda ta iso daga ofis. Malam Ya'u ya karanta ta a tsaye a zaure, ya ninke, ya sa a aljihu. Lauratu ta tambaye shi wane gida Bature ya sa shi a ciki wannan karon. Ya ce takardar ba ta faɗa ba, ta dai yi masa godiya. Ta ji tausayinsa, ta ɗauki 'yar kwalbar rinin ta jefa a kwandon shara. Cikin wata biyu gemun ya fito da farinsa na gaskiya, tas, ba fulawa ba ƙaro, ya fi na ranar biki kyau.

Yanzu kullum yana kan wata farar kujerar roba a gindin famfo, mabuɗi a wuya, sanda a gefe. Sunan Siniya ya bi ofis ya tafi, ba mai tunawa da shi. Wata safiya wani sabon ɗan garuwa, ƙato, wanda ya tsinci Turancinsa a tashar mota, ya turo kurarsa ya tsaya ya ce, "Ol-man, a buɗe mana, rana na yi."

Ya Gana ta tsayar da matsaminta a cikin mai, kowa na jiran a tafi gaban alƙali. Malam Ya'u ya ɗaga yatsa, ya gyara murya, ya yunƙura zai miƙe ya ba da darasi. Bayansa ya riƙe. Ya ɗan jima a haka, rabi a zaune rabi a tsaye, sannan ya sauke yatsan ya miƙa wa ɗan garuwan hannun gaba ɗaya.

"Kama ni in tashi," in ji shi.